George Weah a fadarmu

Jiya a fada, nan Mokoyo, muna shan shayi sai ƙanena ya ce shi dai a shugaban Laberiya ya san George Weah. Na ajiye kofi na ce: "Kai yaro, ka makara."

Ni a tele ta gidan kawu na san shi, mun cika tabarma, batir na shirin mutuwa, shi kuwa yana keta 'yan baya cikin rigar AC Milan. A 1995 ya ɗauki Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan ƙwallon ƙafa na shekara.

Amma 2023 ta fi taɓa ni. Mulki na hannunsa, ya faɗi zaɓe da ƙaramar tazara, ya kira abokin takararsa Joseph Boakai ya taya shi murna tun ba a gama bayyana sakamako ba. Ina shago na ji a rediyo, tiyar gero a hannuna, mai saye na jira, ban auna ba sai da labarin ya ƙare.