Ƙananan kalmomin da ke cin wasan Scrabble

Masu koyon Scrabble, wasan jera haruffa a kan allo don haɗa kalmomin Turanci, sukan haddace dogayen kalmomi, alhali maki yana wajen gajeru. A gasa a Najeriya da ƙamus ɗin Turanci na Collins ake hukunci, kuma kalmomi masu harafi biyu da ya yarda da su ba su kai 130 ba. Da su za ka fara, don su ke ba ka damar jera kalmarka a gefen wata, ka ci maki ta ɓangare biyu.

Q ce ke wahalar da mutane. Maki 10 gare ta, amma sai mutum ya riƙe ta yana jiran U, wadda ta saba bin ta a Turanci, har wasa ya ƙare a cire masa makin. Babu buƙatar jira: akwai QI, QAT da QADI, wato alƙali. Bahaushe ma yana da sa'a a nan, domin HAJ, IMAM, ZAKAT, NAIRA da KOBO duk sun halatta. Ga X mai maki 8 akwai AX, EX, OX, XI da XU. V kuwa ba ta da kalma mai harafi biyu ko ɗaya, rabu da ita da wuri.

S huɗu ne kacal cikin haruffa 100, kada ka ɓarnatar da ita kan maki biyar. Adana ta tare da E, R, T, A, I ko N, domin wanda ya jera haruffansa bakwai duka a kan allo a zubi ɗaya yana samun ƙarin 50.