Gidan Masaƙa a Titin Fournier: Abin da Kimanta Farashinsa Ya Koya Mini

A gabashin Landan, cikin unguwar Spitalfields, akwai wani gajeren titi mai suna Fournier. A bakinsa na yamma cocin Christ Church ne, wanda Nicholas Hawksmoor ya tsara aka kammala a 1729, a bakinsa na gabas kuma, inda ya haɗu da Brick Lane, babban masallacin unguwar ne. Tsakaninsu gidajen jan bulo ne jere manne da juna, kowanne siriri mai hawa da yawa, kuma akasarinsu a shekarun 1720 aka gina su. Duk sanda ɗaya daga cikinsu ya shiga kasuwa, kuɗin da dillalai ke yanka masa miliyoyin fam ne, kuma nan da nan mutane ke rabuwa gida biyu: masu cewa wannan almubazzaranci ne, da masu cewa ai kaya mai kyau shi ke sayar da kansa. Lokacin da nake karatun tsarin birane an ba ajinmu aikin kimanta irin wannan gida tare da bayanin dalilin tsadarsa, kuma abin da na fahimta daga aikin ya wuce lissafin kuɗi nesa ba kusa ba.

Mai kimanta gida ba ya ƙirga bulo da katako. Abin da yake yi shi ne ya nemo cinikin da aka yi kwanan nan a kan gidaje makamantansa a kusa, sannan ya ƙara ko ya rage gwargwadon faɗi da lafiyar gini. Idan don jin daɗin zama ne kawai, gidan yana da aibobi a fili: matakalarsa ƙunci gare ta, tagoginsa na katako suna shigo da sanyi, babu wurin ajiye mota, kuma tun da yana cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta kare, mai shi ba ya da ikon sauya taga ko rushe bangon ciki sai da izinin ƙaramar hukuma, yin hakan ba izini kuwa laifi ne da kan kai mutum kotu. Mai saye ya san duk wannan. Abin da yake biya shi ne tafiyar 'yan mintuna a ƙafa zuwa tashar Liverpool Street da cibiyar hada-hadar kuɗi ta birnin, da kuma tabbacin cewa ba wanda zai sake gina gidan ƙarni na 18, komai dukiyarsa.

Tarihin gidan ne ya fi riƙe ni. Bayan da Sarki Louis na 14 ya soke dokar da ta ba Furotestan Faransa 'yancin ibada a 1685, dubbansu suka tsallako Ingila, da yawa kuma masu sana'ar alharini ne. Attajiransu ne suka zauna a waɗannan gidaje, kuma har yanzu ana ganin faffaɗan tagogin da aka buɗe a hawa na ƙarshe domin masaƙa su sami haske. Sana'ar ta yi ta ja da baya, sai yarjejeniyar ciniki ta 1860 tsakanin Birtaniya da Faransa ta buɗe wa alharinin Faransa ƙofa, ta ƙarasa ta. Masu hali suka tashi, aka rarraba gidajen ɗaki-ɗaki ana ba da haya. Daga shekarun 1880 Yahudawan da suka gudo daga gabashin Turai suka cika unguwar da shagunan ɗinki, bayansu kuma, musamman a shekarun 1960 da 1970, Musulmi 'yan yankin Sylhet na Bangaladesh suka gaji ɗakunan da kekunan ɗinkin. Ginin masallacin nan kansa ya bi wannan sawu: a 1743 aka gina shi cocin 'yan gudun hijirar Faransa, daga baya ya zama majami'ar Yahudawa, a 1976 ya koma masallaci.

A nan na koyi abin da ban taɓa gani a tallar dillali ba, wato talauci ne ya adana abin da ake sayarwa da tsada a yau. Allunan katakon da suka lulluɓe bango, da murhun ɗumama ɗaki, da ƙofofi na asali, sun tsira ne saboda masu gidajen hayar ba su ga ribar kashe kuɗi a kan talakawa ba, su kuma 'yan hayar ba su da halin cirewa su sa na zamani. A unguwannin masu kuɗi an sha sabunta irin waɗannan abubuwa tun tuni. Mutanen da suka zauna cikin ɗigar ruwa da cunkoso, waɗanda aka kashe ɗaya daga cikinsu, ma'aikacin ɗinki Altab Ali, saboda launin fatarsa a Whitechapel, unguwar da ke maƙwabtaka da Spitalfields, a watan Mayun 1978, su ne suka riƙe unguwar da rai a lokacin da ba mai sonta, amma da darajar ta zo ba a hannunsu ta sauka ba.

Duk da haka ban yarda da abokan karatuna da suka ɗora wa masu kare gine-ginen tarihi laifin komai ba. A shekarun 1970 ana ta rushe irin waɗannan gidaje don gina ofisoshi. A 1977 wasu masana gini, cikinsu har da Dan Cruickshank da Mark Girouard, suka kafa ƙungiyar Spitalfields Trust, suka shiga gidajen da za a rushe a titin Elder suka ƙi fita har aka fasa. Daga nan suka riƙa sayen gidajen da suka lalace suna miƙa su ga waɗanda suka ɗauki alkawarin gyara su yadda suke. Ba don su ba, da yawancin abin da ake gardama a kansa yanzu babu shi, kuma wanda ya ga yadda ake ture tsofaffin gidajen tubali a cikin birnin Kano a dasa shaguna a gurbinsu ba zai raina wannan aiki ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, dokar da ta kare ƙofa da taga ba ta ce komai ba game da telan da ke aiki a bayansu. Tun a 1964 masaniyar zamantakewa Ruth Glass ta lura da yadda masu matsakaicin hali ke shiga unguwannin ma'aikata a Landan, kuma da zarar abin ya kankama ba ya tsayawa sai an sauya yawancin mazauna na asali.

Wata gardamar da muka daɗe a kanta ita ce ko an kori wani ne da gaske. Wani ɗan ajinmu ya dage cewa iyalan Bangaladesh da yawa da kansu suka koma unguwannin gabas kamar Newham da Ilford, inda suka sami gidaje masu faɗi da za su ɗauki 'ya'ya da jikoki, kuma gaskiyarsa ce. Amma aikin ya nuna mini wahalar auna wannan al'amari, domin mai bincike yana ƙwanƙwasa ƙofar wanda ya rage ne, wanda ya tashi kuwa ba ya nan balle a tambaye shi ko da son ransa ya tafi. Akwai kuma korar da ba ta da takarda ko ranar da za a rubuta: saurayin da aka haifa a unguwar, ya yi aure, ya rasa ɗakin da zai iya biya kusa da iyayensa da masallacin da ya tashi a ciki. Dokar 1980 ta gwamnatin Margaret Thatcher, wadda ta ba 'yan haya damar sayen gidajen ƙaramar hukuma da rangwame, ta amfani waɗanda suka saya, amma ta rage gidaje masu sauƙin haya, har ga shi dubban iyalai a Tower Hamlets, ƙaramar hukumar da Spitalfields ke cikinta, suna jiran layi shekara da shekaru, kuma yankin yana cikin waɗanda suka fi yawan yara masu fama da talauci a duk Birtaniya.

Da na zo rubuta rahotona, tambayar da na tsaya a kanta ita ce wane ne ya samar da wannan daraja. Mai gidan ya kashe kuɗi da shekaru wajen gyara, kuma haƙƙinsa ne a lissafa masa. Sai dai ba shi ya ɗauke kasuwar kayan lambu zuwa Leyton a 1991 ba, abin da ya raba unguwar da hayaniyar manyan motoci cikin dare. Ba shi ya gina layin dogo na Elizabeth da aka buɗe a 2022, mai tsayawa a Liverpool Street da Whitechapel ba. Ba shi kuma ya kafa gidajen abincin Brick Lane da suka jawo baƙi daga ko'ina ba. Kuɗin jama'a da gumin maƙwabta ne suka yi wannan, tsarin haraji kuwa kaɗan yake maidowa. Mai saye yana biyan harajin ciniki mai nauyi, wanda ya kai kashi 12 cikin ɗari a kan abin da ya haura fam miliyan ɗaya da rabi, amma mai sayarwa ba ya biyan harajin riba idan gidan shi ne mazauninsa, harajin ƙaramar hukuma na shekara-shekara kuma an ɗora shi ne a kan darajar gidaje ta 1991. Saboda haka ban ga amfanin zagin mai saye ba, domin ko ya janye wani zai saya. Abin da ya kamata a matsa a kai shi ne a juya wani kaso na wannan riba zuwa gidajen haya masu sauƙi da shaguna masu araha a cikin unguwar kanta.

Rigimar ma ba ta ƙare ba, ta dai koma wani fili. A 2021 ƙaramar hukumar Tower Hamlets ta amince a gina shaguna da ofisoshi a harabar tsohuwar masana'antar Truman da ke Brick Lane, duk da dubban takardun ƙorafi da aka shigar. A wannan karon masu kare tsofaffin gidaje da 'yan kasuwar Bangaladesh masu tsoron tashin kuɗin haya sun tsaya a sahu ɗaya, kuma Spitalfields Trust ce ta kai maganar gaban kotu.