Baba Tiber, kogin da ake bauta wa kuma ake zuba wa ƙazanta

Kogin nan da ya ratsa birnin Rum, wanda Italiyawa yanzu suke ce wa Tevere, sunansa da Latin Tiberis. Tsawonsa wajen kilomita 405, daga dutsen Fumaiolo ya taso har ya faɗa teku kusa da Ostia. To su mutanen Rum na da can ba ruwa kawai suka ɗauke shi ba, abin bauta ne a wajensu mai suna Tiberinus, har Baba suke kiransa, kuma a wancan zamanin duk 8 ga Disamba akan yi bikinsa a ɗan tsibirin da ke tsakiyar kogin.

Wai da farko Albula ake ce wa kogin, sai wani sarkin Alba Longa, tsohon birni kusa da Rum, mai suna Tiberinus ya nutse a ciki, shi ke nan ruwa ya gaji sunan mamaci. Almara ce dai, kamar ta tagwaye Romulus (wanda aka ce shi ya kafa Rum) da Remus da aka saka a kwando aka jefa a kogin, ruwan ya ƙi cin su ya ajiye su a gindin tudun Palatine, kyarkeci mace ta shayar da su. Gunkin Baba Tiber na nan a gidan tarihin Louvre a Faransa, dattijo mai gemu a kishingiɗe, hannu ɗaya sandar tuƙa jirgi, ɗayan ƙaho cike da 'ya'yan itace, ga tagwayen a gefensa.

Ni fa abin da ke ɗaure min kai shi ne yadda suke yi wa uban nasu. Babbar kwatar garin, Cloaca Maxima, cikinsa take zubewa, gawar wanda hukuma ta kashe da ƙugiya ake janta a wurga masa, ko ɗan siyasar Rum Tiberius Gracchus da aka kashe a 133 kafin haihuwar Annabi Isa nan aka jefa shi, kai da sarkin Rum Tiberius ya mutu a shekara ta 37 bayan haihuwar Annabi Isa mutane ihu suka dinga yi a jefa Tiberius a Tiber. Wannan wace irin biyayya ce fisabilillahi?

Shi ma dai bai raga musu ba, ambaliya kan ambaliya. Ta 1598 ta yi mummunar ɓarna, ta 1870 kuwa ita ta sa gwamnati ta fara gina masa dogayen bango na dutse a 1876, shi ya sa yau in kana son taɓa ruwan a tsakiyar Rum sai ka sauka matakala tukuna.