Shin lokaci ya yi da zan sauya tsohuwar na'urar DVD ta gidanmu?

A hunturun bana ne na'urar DVD da ke falonmu ta fara gardama. Idan an saka faifai sai ta yi ta juyawa tana ƙara, daga baya ta nuna cewa babu komai a cikinta. A babbar kasuwar Katsina na saye ta tun kafin a haifi babbar 'yata, wadda yanzu take ajin ƙarshe a sakandare, saboda haka ban ga laifinta ba da ta gaji. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne sabuwar talabijin da muka sa ba ta da ramukan nan uku na rawaya da ja da fari, sai na HDMI kaɗai.

Ƙanena da ke aiki a Abuja ya ce mini, "Yaya, ka daina wahala da wannan, ka sayi Blu-ray kawai." Na ɗauki shawararsa da muhimmanci, domin bambancin da ke tsakanin DVD da Blu-ray, wato irin faifan da ya biyo bayansa, na gaske ne. Faifan DVD, wanda ya fara fitowa a Japan a 1996, yana ɗaukar gigabait 4.7 a shimfiɗa ɗaya, kuma a tsarin talabijin na PAL da muke amfani da shi a Najeriya hotonsa ba ya wuce ɗigo 720 a faɗi da 576 a tsaye. Blu-ray, da ya zo a 2006, yana ɗaukar gigabait 25, hotonsa kuma ya kai 1920 da 1080, saboda hasken da yake karanta faifai da shi shuɗi ne mai siririn baki, ba ja irin na DVD ba. A kan babbar talabijin ko yaro zai ga bambancin.

Sai dai da na sauko da kwalin faya-fayanmu na baje su a kan tabarma, sai na ga tambayar ta sauya. A cikinsu akwai finafinan Hausa na shekarun baya, da yawansu ma VCD ne masu hoto 352 da 288, akwai tafsirin watan azumi, akwai bidiyon ɗaurin aurenmu, da na walimar saukar Alƙur'ani ta ɗan yayata, da wani na hawan sallah da aka ɗauka a Ƙofar Soro inda mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya fito na 'yan daƙiƙoƙi yana tsaye a cikin jama'a. Babu ko ɗaya daga cikinsu da yake Blu-ray, kuma ban taɓa ganin fim ɗin Hausa a kan irin wannan faifan ba. Masana'antar ta tsallake shi gaba ɗaya, daga DVD ta koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24 da turawa a waya. Na'urar Blu-ray tana karanta DVD, har tana ɗan gyara hoton ya dace da babbar fuska, amma ba za ta ƙirƙiro abin da kyamara ba ta ɗauka ba, kuma ba kowace ce take karɓar VCD ba.

Akwai kuma batun shiyya. An raba duniya gida shida a tsarin DVD, Najeriya tana ta biyar, Turai ta biyu, Amurka ta ɗaya, kuma na'urar da aka kulle a kan wata shiyya tana iya ƙin faifan wata. Tawa tsohuwar ba ta taɓa zaɓen faifai ba. Su kansu kamfanonin suna janye jiki: Samsung ya daina fitar da sababbin na'urorin Blu-ray tun 2019, wanda ke nufin kayan gyara za su riƙa wuya.

Na ɗauke ta na kai wa wani mai gyara a wajen Ƙofar Ƙaura. Ya buɗe ta, ya nuna mini ƙurar da ta rufe idon da ke karanta faifai, ya goge shi da auduga, ya sauya robar da ke tura tire. Ya ce, "Malam, wannan da sauranta, amma ka riƙa rufe ta da ƙyalle, kuma kada ka haɗa ta da janareta ba tare da sitabilaiza ba." Shi ne kuma ya nuna mini ƙaramin akwatin da ke mayar da wayoyin nan uku zuwa HDMI, wanda kuɗinsa bai kama ƙafar na sabuwar na'ura ba.

Maganar da ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda ya yi game da faya-fayan da masu ɗaukar bidiyon biki suke bugawa. Irin waɗannan ba kamar na kamfani ba ne, rini ne a cikinsu ke riƙe da hoton, kuma zafi da hasken rana suna cinye shi sannu a hankali. Da na dawo gida na gwada na aurenmu, sai na tarar yana tsayawa a wurare biyu, hoton yana farfashewa.

Don haka na fasa sayen Blu-ray. Kuɗin da na ware na sayi ma'ajiyar kwamfuta ta waje da filash guda biyu, kuma na fara kwafe faya-fayan iyali ɗaya bayan ɗaya, na fara da na hawan sallah. Kwafi ɗaya zai zauna a wurina, ɗaya kuma zan aika wa yayata a Daura. Na'urar tana nan a ƙarƙashin talabijin da ƙyallenta a kai, kuma saura faifai goma sha ɗaya ban kwafe ba.