Kansar fatar ƙanina da maganar jijiya da ba a gaya mana ba

Har yanzu in na tuna cewa naman da aka yanke wa ƙanina a karon farko zubar da shi aka yi, wallahi raina ɓaci yake. Shi zabiya ne, yana sayar da kayan waya a bakin titi nan cikin Gombe, kuma duk mai zabiya a gida ya san abin da rana ke yi wa fatarsu. Ƙurji ne ya fito masa a saman kunci ƙasan ido, ya yi ɓawo ya fashe ya sake ɓawo, ya ƙi warkewa. Muka je wani ƙaramin asibitin kuɗi aka yanke aka ɗinke aka ce shikenan. Ba su sa naman a kwalba an kai gwaji ba, ba su ma ce mana ana yin haka ba.

Wurin ya warke, muka yi hamdala. Bayan wasu watanni sai ya fara ce min, "Yaya, kamar tururuwa ke yawo a kuncina," ka duba kuma ba komai a fatar. Daga nan gefen hancinsa da leɓen sama suka yi dindiris, ko ya yanke wurin aski ba ya ji sai ya ga jini. A gida kowa da fassararsa, wannan ya ce sanyi ne, Inna ta ce iska ce a yi ruƙiyya, mai kemis ya haɗa masa bitamin.

A Asibitin Koyarwa na Tarayya ne muka haɗu da likitar da ta gane. Ta sa ya rufe ido ta ɗauki auduga tana shafa kuncin dama da na hagu tana tambaya ko ɗaya yake ji, ta ce ya ɗaga gira, ya hura kumatu, ta laluba gaban kunnensa da wuyansa tana neman kaluluwa, sannan ta juyo ta ce min, "Malam, ina sakamakon gwajin naman farko?" Na ce babu. Shirun da ta yi kafin ta ci gaba da rubutu ya ishe ni amsa.

Ta ji ɗan tauri ƙarƙashin tabon, aka ɗiba aka kai gwaji. Kansar fata ce irin wadda suke kira sikwamos, kuma an ga ƙwayoyinta sun nannaɗe jijiya, jijiyar da ke kai saƙon ji, ba ta jini ba. Toh a nan na fahimci abin da ya kamata a gaya mana tun farko. Ita wannan kansar yawanci in an yanke ta da wuri ana rabuwa da ita, amma a wasu mutane, ƙasa da 15 cikin 100, takan kama jijiya ta bi ta tana shiga ciki, a fuska kuma jijiyoyin nan gindin ƙwaƙwalwa suka nufa, shi ya sa sama ta warke tas alhali abin yana tafiya ta ƙasa. Wadda ta kama jijiya ta fi dawowa, ta fi zuwa kaluluwa, ta fi kisa. Har kaurin jijiyar suke aunawa, in ya kai milimita 0.1 a kansar kai da wuya to ko ƙurjin ƙarami ne matakin tsananinsa ya hau, tsarin da likitocin Amurka suka fitar haka ya ajiye shi.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yawancin masu wannan matsalar ba sa jin komai da farko, a madubin gwaji kaɗai ake gani, kuma wanda aka gano nasa a haka ya fi samun sauƙi nesa ba kusa ba a kan wanda sai da ya fara jin tururuwa ko fuskarsa ta karkace. Likitar ba ta ce lallai da an gani a naman farko ba, ta ce mai yiwuwa ne, amma ni wannan damar ce aka zubar mana saboda kwalba ɗaya da kuɗin gwajin da ko an ce mu ranto za mu ranto.

Aka yi hoton MRI, shi ne ke nuna inda ta kai a jijiyar, Allah ya taimaka ba ta shiga cikin kai ba. Aka sake tiyata babba aka cire har da jijiyar, sannan gashin na'ura mai ƙona ƙwayoyin kansa na makonni, filin da Baba ya bar mana a Kumo a nan ya tafi.

Dan Allah duk wanda za a yanke wa ƙurjin da ya ƙi warkewa, musamman zabiya, ko mai tsohon gyambo ko tabon ƙuna da ya canza, kar ku bar wurin sai kun ga an sa naman a kwalba an rubuta suna, in sun ce ba sa yi ku tambayi inda za a kai. In sakamako ya fito kar a tsaya a "an cire duka", ku tambaya kai tsaye, ta taɓa jijiya? Kuma in bayan aiki aka fara jin suka kamar ta allura, zafi kamar wuta, dindiris da ke ƙara faɗi, ko gira ta ƙi ɗaguwa, a koma a faɗa wa likita cewa an taɓa yanke ƙurji a wurin, don wani sai ya ɗauka shanyewar fuska ce ta gama-gari.

Ƙanin nawa kuncin ba zai ƙara ji ba, sun gaya mana. Ya koma shago mai rufi da malafa da man kariyar rana, kuma muna zuwa kilinik duk 'yan watanni ana laluba wuyansa, don a shekaru biyun farko kansar ta fi dawowa.