Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Daren da Aka Yi Cinikin Sama a Ƙofar Gidana

Makon jiya na tsaya a inda aka maido ni gida Damagaram bayan shekarun da na yi a Yamai da Agadas. Yau zan yi tsalle zuwa azumin 2017, lokacin saura mini shekara biyu in ajiye aikina na kula da zirga-zirgar jirage a hasumiyar filin jirgi, domin akwai wata gardama da aka yi a ƙofar gidana wadda har yanzu nake juya ta a rai.

Azumi ya kai kamar goma. Zafin watan Yuni ne, hadari yana ta yi mana alkawari daga gabas amma ba ya cikawa. Mun dawo daga asham mun baje a tabarma a fadarmu ta Birni, yaro yana firfita gawayin shayi da murfin kwali. Sai ga ɗan ƙanwata a kan babur, wanda yake fatauci tsakanin Kano da Dubai. Ko gaisuwa bai gama ba ya miƙo mini waya.

"Kawu, an sayar da ku a Amurka."

Na ce ya karanta mini, tabarau yana cikin gida. Labarin shi ne shugaba Trump ya fito ya ce yana son a cire aikin kula da zirga-zirgar jiragen sama daga hannun hukumar gwamnati, FAA, a damƙa shi ga wani kamfani mai zaman kansa da ba na neman riba ba, wanda kamfanonin jirage za su samu kujeru a majalisar gudanarwarsa. Yaron sai murna yake yi, kamar shi aka ba kwangilar.

"Ai haka ya kamata a yi a nan ma, Kawu. Duk abin da gwamnati ta riƙe barci yake yi. Ka tuna shekara nawa mutum yake jira kafin a ja masa layin tarho? Yau ga waya a aljihun mai tallan goro."

Mushe, tsohon malamin lakwal da ba a raba mu zama, ya ajiye kofinsa ya ce, "To ruwa fa? Tun 2001 aka ba 'yan kasuwa rabon ruwa, ka tambayi 'yan garuwa ko sun rasa ciniki a garin nan. Sonitel ta tarho ma a 2001 aka sayar da ita, a 2012 gwamnati ta karɓe abinta." Daga nan magana ta koma ruwa da kuran, kamar yadda kowace magana take komawa a Damagaram. Na bar su suka yi ta yi. Da suka gaji sai aka juyo kaina, tunda ni ne mai gemun da ya kama wuta.

Gaskiya ban ba su amsar da kowannensu yake so ba.

Na fara da ba yaron gaskiyarsa. Mu da muka yi wannan aiki a nan ba a ofishin minista muka tashi ba. Tun Disamba 1959 aka kafa ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jirage da muke wa aiki, a Saint-Louis ta Senegal, ƙasashen Afirka da Faransa suka haɗa samansu wuri ɗaya, hedkwata a Dakar. Sararin da take kula da shi ya haura murabba'in kilomita miliyan 16. Kuma yawancin kuɗinta daga jiragen da ke ratsa saman ne suke fitowa: kowane jirgi yana biya gwargwadon nauyinsa da nisan da ya ci. Wannan ya sa ko a shekarun da ma'aikatan gwamnati suke jera watanni ba albashi, abin bai taɓa mu kamar yadda ya taɓa su Mushe ba. Ina tuna yadda nake jin nauyin shiga Kasuwar Dole da cefane a hannu, in haɗu da shi yana lissafin bashin gero. Saboda haka in wani ya ce kada a ɗaure kuɗin hasumiya da rigimar kasafin kuɗi, ni ne na farko da zan ce masa ya yi gaskiya. Abin da ke damun Amurkawa ke nan, kuma ya sake fitowa fili daga baya, a rufewar gwamnatinsu ta kwana 35 daga ƙarshen 2018 zuwa farkon 2019, inda masu irin aikinmu suka yi ta sauke jirage ba a biya su ba.

Kanada ma haka ta yi a 1996. Ta sayar da aikin ga NAV CANADA a kan dalar Kanada biliyan ɗaya da rabi, kamfani ne da ba shi da masu hannun jari, abin da ya samu a cikin aikin yake komawa. Ban taɓa jin wani ma'aikacin hasumiya mai hankali ya raina aikinsu ba.

"To ka gani, Kawu!" in ji yaron.

Na ce ya dakata, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ingila ta bi wata hanya a 2001: ta sayar da wani kaso na NATS, kamfanin da ke kula da zirga-zirgar jirage a samanta, gwamnati ta riƙe kashi 49, gamayyar kamfanonin jirage suka karɓi kaso mai tsoka, da bashi mai nauyi a kan kamfanin. Ko wata biyu ba a cika ba aka kai harin 11 ga Satumba, jiragen da ke tsallaka teku suka ragu, kuɗin shiga ya faɗi. A 2003 sai da gwamnati ta sake zuba fam miliyan 65, wani sabon mai hannun jari ya zuba kamarsu, kafin abin ya miƙe. Wato ranar riba da abokan ci, ranar asara kuwa baitulmali ake nema. Jamus kuma ta tashi sayar da nata a 2006, shugaban ƙasa Horst Köhler ya ƙi sa hannu, ya ce dokar ta saɓa wa tsarin mulki.

Duk wannan labarin ƙasashen wasu ne, kuma na ga idon yaron ya fara komawa kan waya. Sai na ba su labarin wata safiya.

Lokacin hunturu ne, hazo ya kwana uku bai ɗaga ba. Wanda ya san Damagaram a irin wannan lokaci ya san yadda rana take zama kamar farantin azurfa, ka kalle ta da ido ba ta yi maka komai. Daga tur, yadda muke kiran hasumiya, ƙarshen titin jirgi ma da ƙyar nake hango shi. Mutumin meteyo, mai awon yanayi, ya hawo da takardarsa, rawani ya rufe masa hanci, ya ajiye mini ba tare da ya ce uffan ba. Ranar jirgi ɗaya tak muke jira, ƙarami, mai zuwa ɗaukar wata mata da haihuwa ta zo mata da gardama, za a kai ta Yamai. Motar asibiti tana ƙasa tun da asuba. Mijin yana tsaye jikin waya da carbi, duk bayan minti kaɗan sai ya ɗaga kai ya dubi tagata, kamar ni ne nake riƙe da iskar.

Matuƙin ya kira ni yana da sauran tazara. Na ba shi iska, na ba shi awon nauyin iskar da zai saita ma'aunin tsayinsa da shi, na faɗa masa iyakar abin da ido ke gani ba ƙari ba ragi. Ya gangaro, bai ga ƙasa ba, ya sake tashi. Na ji ƙararsa ta wuce ta kanmu amma ban ga ko inuwarsa ba. Ya tambaye ni ko akwai alamar sauƙi. Man da ke cikinsa zai ba shi damar jira na ɗan lokaci, bayan haka dole ya juya. Na sa aka ƙure hasken fitilun titi, 'yan kwana-kwana suna cikin motarsu injin a kunne, ni da mutumin meteyo muka zuba wa wata bishiya ido, wadda muka san nisanta daga tur. Da ta fara fitowa daga cikin ƙura kamar mutum mai tahowa, ya sake awo, na kira matuƙin na ba shi sabon adadi. A karo na biyu ya sauka. Shayin da na zuba tun safe na same shi da ƙura kwance a kai.

Na ce wa yaron, "Ɗana, kai ɗan kasuwa ne, yi mini lissafi. Mutum nawa suka tashi da asuba saboda jirgin nan? Ni, da meteyo, da masu gyaran rediyo, da 'yan kwana-kwana, ga gazuwal ɗin gurup. Abin da ƙaramin jirgi yake biya na sauka ko kuɗin man nan ba lalle ya mayar ba. In kai ka sayi filin, za ka bar shi a buɗe?"

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Sai a rubuta a yarjejeniya cewa dole ya buɗe, Kawu."

Amsa ce mai kyau, ban raina ta ba. Sai dai yarjejeniya tana bukatar mai tsaron ta, wanda ya fi ɗan kwangila sanin aikin kuma ba ya jin kunyar idonsa. Sannan sama ba kamar waya ba ce. In kamfanin waya ya ɓata maka rai, ka cire sim ka sa wani. Matuƙin da ke saman Tanut da dare ba shi da hasumiya ta biyu da zai koma wa. Mai sayarwa ɗaya ne, kasuwar kuma duk tasa ce. Manyan jiragen da ke wucewa ta kanmu tsakar dare daga Turai zuwa kudu, su ne masu kuɗi, kuma ko sunan Damagaram fasinjojinsu ba su sani ba. Ƙaramin fili irin namu bai taɓa ciyar da kansa ba, da tallafi yake rayuwa. In aka ba masu manyan jirage rinjaye a teburin da ake raba kuɗi, ina ganin na san layin da za su fara jan jan biro a kai. Abin mamaki, a Amurka ma masu ƙananan jirage da wakilan karkara ne suka fi tada jijiyar wuya a kan wannan batu, kuma a farkon 2018 ɗan majalisar da ya ɗauki nauyin ƙudurin, Bill Shuster, ya janye shi.

Mushe ya so ya ƙara mini gishiri da hatsarin da aka yi a saman Überlingen ta Jamus a 2002, inda jirage biyu suka yi karo mutum 71 suka mutu, yawancinsu yara. Ya ce ai kamfani ne ya jawo. Na ce a'a, Mushe, kada mu ci zalin magana: kamfanin Suwizalan da ke kula da saman wurin kusan gaba ɗayansa mallakar gwamnati ne. Abin da ya tsaya mini a rai game da daren nan shi ne mutum ɗaya aka bari yana duba allo biyu, ana kuma gyaran layin tarho. Kujerar da babu kowa a kanta ita nake tsoro, ko wa ya mallaki ginin.

Aka kawo shayi na uku, mai zaƙin. Yaron ya tashi zai tafi, ya ɗan rusuna ya ce, "Kawu, ni dai ban sauka daga ra'ayina ba." Na ce ban nemi ya sauka ba, amma ya gaida mini uwarsa, ya ce mata kunun tsamiyar da ta aiko ya iso.

A 2020, da korona ta kwantar da jiragen duniya, NAV CANADA ta ƙara kuɗin da take karɓa da kusan kashi 30 cikin ɗari don ta iya riƙe kanta. Yaron da kansa ya turo mini labarin, lokacin yana zaune a Kano hanyar Dubai ta rufe. Bai rubuta komai a ƙasa ba, ni ma ban ce masa komai ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma baya zuwa 1981, shekarar da na shiga EAMAC, makarantar koyon wannan aiki a Yamai, da akwatin ƙarfe da wando biyu, a daidai lokacin da Reagan ya kori masu kula da jirage sama da 11,000 saboda yajin aiki, da abin da mahaifina ya ce da ya ji labarin a rediyo.