Godiya ga ma'aikatan jinyar da suka tsaya mana a Anka

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, jiya da la'asar aka sallamo 'yata daga asibiti, yau da safe kuma ta sha kununta da hannunta har ta nemi ƙari. Masu kira da masu aiko saƙo, ku yi haƙuri da rashin amsa, kwana shida na yi ba na cikin hayyacina.

Wata bakwai ke nan da ɓarayin daji suka tashe mu daga ƙauyenmu, muka dawo zaman sansani a Anka. Da damina ta kankama ruwa ya kwanta a tsakanin rumfuna, bayan gida ya cika, sai amai da gudawa ya shigo. Daren Talata ya kama yarinyar, shekararta uku. Gudawar fara sol kamar ruwan wankin shinkafa. Kafin asuba idanunta sun faɗa, in ka tsunkuli fatar cikinta sai ta tsaya ba ta koma ba. Uwarta ta riga ta fara salati irin na wanda ya sallama.

Malama nas da muka tarar a bakin aiki, ke ce farkon wadda zan gode wa bayan Allah. Jijiyar yarinyar ta ɓace saboda ruwan jikinta ya ƙare. Kin nema a hannun dama, kin nema a hagu, ba ki samu ba, ba ki kuma ɗaga kai kin nuna mana tsoro ba. Kika miƙo mini fitilar waya kika ce, "Malam, haska mini ƙafar nan, ka bar kallon fuskarta." A ƙafar kika samu. Na ga ruwan ya fara ɗiga, na ga kin share gumi da gefen hijabinki, sai a lokacin na ji ƙafafuna sun kasa ɗaukata. Daga baya na ji tun magariba kike tsaye, yara huɗu kika sa wa ƙarin ruwa kafin tawa.

Mu mutanen ƙasar Anka mun san darajar wannan aiki tun 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, ƙauyuka irin su Bagega da Dareta suka sha makoki, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo suka zauna da mu. Amma sani daga nesa daban yake da ranar da naka ne a kan gado.

Akwai wani dattijo mai wankin ɗakin masu gudawa, da bokitinsa na ruwan kulorin. Shi ke kwashe abin da mu iyaye ma muke kau da kai, kuma ba ya barin kowa ya fita sai ya wanke hannu, ya taka ruwan maganin. Ban taɓa jin wani ya ce masa sannu ba. Baba, sannu da aiki, Allah ya saka maka da Aljanna.

Na gode wa ɗan acaɓar da ya kai mu babban asibiti ya ƙi karɓar ko sisi, da matan rumfarmu da suka riƙe mana sauran yaran.

Ga abin da Malama ta koya wa uwar yarinyar, ta ce a yaɗa shi: in babu ƙunshin ORS, wato haɗin gishiri da sukari na asibiti, a tafasa ruwa lita ɗaya ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba yaro kaɗan kaɗan tun gudawar farko, ana kan hanyar asibiti ana ba shi. Mai shayarwa kada ta janye nono.

Mun baro yara da dama a kwance, cikinsu har da ɗan maƙwabcinmu da tamowa ta riga ta kama kafin gudawar. Ku sa su a addu'a ranar Juma'a.